Shukar Ƴan Lakwal a Gonar Ƙande

A ajinmu na ƙarshe a lakwal ɗin Magariya, makarantar bokon Faransawa, ba sai ka tambayi yaro ɗan wane ne ba, ƙafarsa kawai za ka duba. Masu takalmi sau-ciki ƴaƴan ma'aikata ne, na komi, wato akawu, da gardi, dogarin Nasara, da malamin asibiti. Masu takalmin fata ƴaƴan ƴan kasuwa ne irina, mu da rabin danginmu ke Kano da Ɓaɓura. Waɗanda faso ya tsattsaga wa dunduniya kuwa ƴan ƙauye ne, waɗanda aka kamo.

Kamowa dai ake yi a wancan zamanin, ƴan shekaru kafin Faransawa su tafi. Kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, ya aika wa maigari ya kawo yara, masu hali su cusa nasu cikin rumbu ko su tsallakar da su iyaka wurin dangi, a miƙa wa gardi wanda ba shi da mai tsaya masa. Haka aka kawo Gajere daga wani ɗan ƙauye a kan hanyar Kwaya, shekarar da ubansa ya rasu. An ce uwarsa, Ƙande, ta bi dokin gardin tana kuka har sai da ƙafafunta suka gaza. Lakwal ba ta da wurin kwana, don haka aka rarraba ƴan ƙauyen gida-gida. Gajere ya faɗo zauren babana. Yana kwana a can, yana cika mana tuluna da safe, muna ci a tukunya ɗaya. Ni Saratu, mu uku ne mata a ajin, kuma ni ce mai bakin cikinsu.

Malaminmu Mushe Halilu ne, mutumin Damagaram, siriri, wandonsa na kaki kullum a goge. Mushe shi ne Malam a Faransanci, yadda bakinmu ya iya faɗa. Yana da wata al'ada da har yau ban manta ba. Duk ƙarshen wata, bayan kwampozisiyo, jarrabawar aji, sai ya fitar da mu waje da allunanmu, ya tsaya a bakin ƙofa yana kira. Na ɗaya ya shiga ya zauna a sahun gaba, kusa da taga inda iska ke shigowa. Haka za a yi ta shiga har a kai na ƙarshe, wanda zai tafi can ƙuryar bango inda jemagu ke zubo kashi. Ni dai a tsakiya nake rani da damina, inda ba a yabo ba a duka, kuma ban taɓa jin haushin wurin ba.

Da kaka, in an buɗe lakwal, sahun gaba na masu sau-ciki ne. Suna da fitila a gida, iyayensu na jin Faransanci. Ƴan ƙauye kuwa ba sa dawowa sai an gama tonon gyaɗa, su zo a makare, hannu ya yi kanta, Faransancin ya zube a hanya. Duk su tattaru a ƙarƙashin jemagu. Amma wata na bin wata sai ka ga suna matsowa, sahu bayan sahu. Ba su da dangi a gari, ba biki ba suna, ba abin da ke ɗauke musu hankali sai yunwa da karatu. Kafin zafin bazara ya kai ƙarshe, rabin sahun gaba masu faso ne. A bakin tagar kuwa, kowace shekara, Gajere ne ke ƙarewa, ya ture Mutari ɗan komi zuwa na biyu. Mutari yakan kwana biyu ba ya yi wa kowa magana.

A wannan shekarar akwai abin da ya fi bakin taga. Egizame ce, jarrabawar shiga kolej na Damagaram, inda gwamnati ke ciyar da yaro ta tufatar da shi har ya gama. Daga duk ƙasar Magariya yara kaɗan ake ɗauka. Akwai kuma dokar shekaru, kuma Gajere yana daidai bakin iyaka, don ya daɗe a gida kafin a kamo shi. In bai zauna bana ba, baɗi ba za a karɓe shi ba. Kowa ya san wannan, har mai sayar da ƙosai a ƙofar lakwal.

Wanda ya tsara lokacin jarrabawar nan bai taɓa riƙe fartanya ba, na rantse. Ya ɗora ta daidai faɗuwar damina. An sa ranar Juma'a, Baturen da zai kula da ita ma har ya iso bariki. Ranar Laraba da la'asar, muna cikin dikte, Mushe na karantawa muna rubutawa, sai gabas ta yi baƙi. Iska ta kaɗo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta taga. Kawunan ƴan ƙauye duk suka juya lokaci guda, kamar awaki sun ji an taɓa kwanon dusa. Mushe ya ƙwanƙwasa tebur, ba wanda ya juyo. Aka yi ruwa sosai, irin wanda ke shiga ƙasa kamu guda, wanda manoma ke kira ruwan shuka.

Da gari ya waye na leƙa zaure. Tabarmar Gajere a naɗe, tulunanmu cike har baki, shi kuwa babu shi.

Alhamis ba a karatu a lakwal ɗin Faransa, don haka gidan Mushe na nufa da gudu. Na same shi yana wanke fuska.

"Mushe, Gajere ya tafi."

"Ina?"

"Gida mana, Mushe. Shuka."

Ya ajiye butar. "Gobe egizame. Ya haukace ne?"

Sai na gaya masa abin da na sani, wanda Gajere ya taɓa faɗa mini muna ɗiban ruwa. Gonar da uwarsa ke ci da ita ta gandun gidansu ce. Ƙanen ubansa, Alhassan, ya daɗe yana cewa gona ba ta zama a hannun mace da yaron da ya koma na Nasara. Ya ce duk shekarar da ruwan fari ya sauka ba a shuka ta ba, zai haɗa ta da tasa. Su biyu kuwa, Gajere da uwarsa, sai sun yi kwana uku kafin su rufe ta.

"Ba mai taimaka musu a garin?" in ji Mushe.

Na dube shi. Mutum ne mai ilmi, amma ɗan birni ne. "Mushe, ranar ruwan fari ko liman yana gonarsa."

Ya goge fuskarsa. Can ya ce, "Tafi ki kira mini ƴan aji. Duka. Ki ce wa babanki ni na ce."

Muka taru a gindin tsamiyar lakwal. Mushe ya ce za mu tafi mu shuka gonar yau, mu dawo da Gajere kafin magariba. Ƴan ƙauyen da suka rage, waɗanda ke da yayye a gida don haka ba su gudu ba, suka miƙe tun bai rufe baki ba. Mutari ne ya ɗaga hannu.

"Mushe, ai shi ya zaɓi ya tafi."

"Haka ne."

"To in bai zo ba, wani sai ya yi na ɗaya."

"Sai ya yi," in ji Mushe. "In an tambaye shi yaya aka yi, sai ya ce an yi ruwa."

Aka kwashe da dariya. Mutari ya haɗe rai, amma da muka kama hanya yana cikinmu. Ba mu yi nisa ba laka ta cika masa sau-cikin, ya cire su ya ɗaure igiyoyin ya rataya a wuya. A ranar na fara ganin tafin ƙafarsa, fari fat, mai laushi kamar na jinjiri.

Ina son tuna hanyar nan. Rairayi ya yi sanyi ya daddaɓe, ba ya cin ƙafa. Dama da hagu mutane ne a sunkuye, ba mai ɗagowa ya yi maka doguwar gaisuwa, sai dai "sannunku" a jefo maka ita ta kafaɗa. Muna tafe muna rera waƙar Faransanci da ba mu san ma'anar rabinta ba, ƴan ƙauye na sauya mata baiti suna zagin jemagun ajinmu. Mushe ya yi kamar bai ji ba.

Da hantsi muka isa. Gonar na bayan gari, doguwa, ta gangara zuwa wata kuka. Gajere na gaba da sungumi, yana tafe yana saran rami, taku ɗaya sara ɗaya. Bayansa wata mace ce siririya da ƙwarya a hannu, tana jefa iri tana rufewa da dunduniya. Ɗan abin da suka yi tun safe bai kai a kira shi komai ba in an dubi abin da ya rage.

Gajere ya ɗago ya gan mu, sungumin ya tsaya a sama. Na zaci zai yi murna. Kunya ce ta kama shi, ya dubi tsummar da ke jikinsa, ya dubi Mushe.

"Mushe, ba zan iya komawa ba."

"Ban tambaye ka ba. Ina ake samun irin wannan abin da ke hannunka?"

Mushe ya gaida Ƙande a durƙushe, ya ce mata Inna, ya faɗa mata abin da ya kawo mu. Ta saurara tana kallon gefe. Sai ta aiki wani yaro ya tattaro tsofaffin sungumai da ƙore daga maƙwabta. Muna cikin haka wani mutum mai faɗin ƙirji ya taho daga gonar da ke jikin tata. Alhassan ne. Ya ƙare mana kallo, ya tsaya a kan takalman da ke wuyan Mutari.

"Malam, waɗannan ne za su yi shuka?"

"Su ne, Malam Alhassan."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai magana ɗaya na yi, a rufe ta da ruwan nan." Ya juya ya koma.

Aikin ya rabu da kansa. Ƴan ƙauye suka ɗauki sungumai suka jeru a gaba tare da Gajere, Mushe ma ya naɗe wandonsa ya shiga cikinsu, duk da ramukansa sun fi kama da na kaza mai tono. Mu ƴan gari, maza da mata, aka ba mu ƙore mu bi baya da iri. Ƙande ta nuna mana sau ɗaya: a tsinko da yatsu uku, a jefa, a take. Sai ta koma can ɗaya gefen ta kama layinta.

Yatsu uku muka fara da su, Allah ya sani. Amma masu sara suna ta yin nisa, mu kuma tsere ya shiga tsakaninmu. Tsinken yatsu uku yana da wuya ga wanda bai saba ba, ƙwayar na zamewa, sai ka ga ɗiban hannu ya fi sauri. Mutari kuma ya kawo nasa kalkil ɗin, lissafin lakwal. Ya ce in ƙwaya kaɗan na ba da zangarniya kaɗan, ƙwaya da yawa za ta ba da da yawa, kuma ai taimako muka zo yi, ba rowa ba. Maganar ta shige mu. Muka yi ta dumbuza muna zubawa muna takewa, muna jin mu wasu ne. Masu sungumi sun ba mu baya, ba wanda ya waiwayo.

Rana ta take tsaka, gona ta kai rabi, sai aka ce iri ya ƙare.

Ƙande ta taho a hankali. Ta dubi buhun fatar da aka zazzage, irin da ta zaɓa zangarniya-zangarniya tun kakar bara, wanda ya isa gonar har a yi saura. Ta je kan layina ta tone rami ɗaya da babban yatsan ƙafarta. Gero ya bayyana a ciki fal, kamar an zuba wa tantabaru. Ta tone na Mutari, ya fi nawa. Na jira faɗa, don da uwata ce da an ji mu a Dungas. Faɗan bai zo ba. Ta mai da ƙasar ta take, ta hangi ɗanta can nesa yana ta sara, sai ta ce mini, "Ƴar birni, zo ki taya ni."

Na bi ta cikin gari har gidanta, ɗaki ɗaya da danga da rumbu. Ta jingina wani reshe mai ƙafa biyu a jikin rumbun, ta ture jinkar da ke rufe da bakinsa.

"Ke ce mara nauyi. Shiga ki miƙo mini abin da kika samu."

Na zura ƙafa na dira. Ciki duhu, ga zafi, ga ƙaiƙayi. Na lalluba ko'ina da hannu da ƙafa. Ƙasan rumbun a share yake, sai dami guda jingine a gefe.

"Inna, ɗaya ne ya rage."

"Na sani. Miƙo shi."

Ko ni da ba manomiya ba na san abin da wannan damin yake. Daga ranar zuwa sabon gero wata uku ne har da ɗoriya.

"Inna, to me za ku ci?"

"An yi ruwa, tafasa za ta fito. Miƙo, rana na tafiya."

Na miƙa mata. Muka zuba zangarniyar a turmi muka sussuka, ita da taɓarya ni da taɓarya, ta sheƙe a faifai. Hawaye na zubo mini, na ce ƙaiƙayi ne. Da ta gama ta juye a ƙwarya, ta ɗora mini a kai, amma ba ta sake ni ba. Ta riƙe gefen ƙwaryar.

Gajere ɗanta ne na fari. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi ido da ido, balle ta nuna tana son sa a gaban mutane. Tun da muka zo ban ji ta yi masa magana ba. Don haka ni ta ba saƙon.

"Yaron nan zai gane," in ji ta. "Ba yanzu ba, yanzu hankalinsa na kan sara. A hanya zai gane, kuma zai ce zai juyo. In ya tsaya, ki ce masa na ce geron ya riga ya shiga ƙasa, ko ya dawo ba mai tono shi. Ki ce in ya juyo, to a banza na zuba."

"Inna, ba ke kika bi gardi kina kuka ba?"

Ta ɗan yi murmushi. "Ni ce. Lokacin ban san yana da kai ba. Muje."

A wannan karon ita ta tsaya a kanmu. Duk wanda ta ga ya buɗe hannu sai ta ɗaga masa yatsu uku daga nesa. Mutari bai ƙara kawo kalkil ba. Da la'asar sakaliya aka take rami na ƙarshe a gindin kuka. Alhassan ya zo ya zagaya gonar daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana neman inda aka tsallake, bai samu ba. Ya ce, "An rufe," ya tafi. Ƙande ta ba mu ruwa muka sha, ta yi wa Mushe godiya. Ɗanta kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, sai da ya juya baya.

Mun yi nisa, gari ya ɓace mana, kowa ya gaji ba mai waƙa. Gajere na tafe kusa da ni. Can sai ya ce, "Saratu, irin da kuka kawo daga baya, ƙwayarsa ƙanana ce."

Na ƙara sauri, ya biyo ni.

"Irin Inna manya ne, ni na taya ta zaɓa. Kuma ya isa gonar. Me ya sa aka ƙaro?"

Mutari ne ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mu muka zubar da shi. Da hannu muka riƙa ɗiba."

Gajere ya tsaya cak. "Daga rumbu kuka ɗauko? Dami nawa ya rage?"

"Babu," na ce.

Ya juya ya fuskanci hanyar da muka fito. Duk aka tsaya. Na san abin da ke ransa: ya koma ya shiga ƙwadago a gonakin mutane tun gobe, lokacin da ake neman hannu, ya samo mata abin da za ta ci. Mushe ya matso, na zaci zai daka masa tsawa. Sai ya ce, "Ba zan ja ka ba, Gajere. Ni na kawo su, ban kuma duba abin da suke yi ba."

Gajere ya ɗaga ƙafa. Na sha gabansa na faɗa masa saƙon, kalma bayan kalma yadda ta ba ni, ban ƙara ko ɗaya ba.

"Ita ta ce haka?"

"Ita ta ce."

"Da bakinta?"

"Da na wa za ta ce?"

Ya daɗe a tsaye yana kallon wajen garinsu. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar da Mushe ya karya masa ruwla a hannu, amma a nan ya sa gefen rigarsa ya goge fuska. Sai ya juyo ya wuce mu duka, ya yi gaba shi kaɗai. Har muka shiga Magariya ba wanda ya cim masa.

Washegari muka zauna jarrabawa da ciwon baya, Baturen na zagayawa yana mamakin yaran da ke nishi in sun sunkuya. Ni dai na yi abin da na iya. Da na ɗago na hangi Gajere a bakin taga, kansa a ƙasa, alƙalaminsa bai tsaya ba. Ana karɓar takardu ya fita, ko gidanmu bai biya ba, ya kama hanyar Kwaya.

Na faɗa wa babana komai. Ya ɗora wa jaki buhun gero ya aika. Amma buhu a ƙauye cikin watannin yunwa ba na gida ɗaya ba ne. Maƙwabtan da suka ara mana sungumi suna da yara, Ƙande kuwa ba ta iya cin tuwo tana jin kukan ɗan wani ta bayan danga. Bai yi mako biyu ba.

Gonar ma, don kada in manta, Alhassan ya karɓe ta bayan shekara biyu, da ruwan fari ya sauka Gajere na can Damagaram a bayan katangar kolej. Alhassan ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, amma ni har yau in an ambace shi sai na ji raina ya ɓaci. Mutanen garin kuwa ba su daina kiran ta gonar ƴan lakwal ba.

Sakamako ya iso cikin tsakiyar damina. Ni sartifika kawai na samu, takardar gama lakwal, kuma ya ishe ni. Mutari ya ci kolej. Mushe ya ce mu biyu mu raka shi mu kai wa Gajere nasa labarin.

Tun daga nesa muka gane gonar. Rabin da Ƙande ta tsaya a kanmu ya tashi layi-layi, kore shar. Rabin da muka yi da kalkil ɗin Mutari ya fito cunkus, sun yi ta rage shi suna dasawa, duk da haka ya kasa tsawo. A gindin kuka muka same su, sun huta daga noma, da akushi ɗaya a tsakaninsu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa gefe. Dafaffiyar tafasa ce da ɗan gishiri, ko ƙuli babu. Gajere ya rame. Ƙande kuwa sai da na dubi fuskarta sau biyu, awarwaron da ke hannunta ya zame har gwiwar hannu.

Mushe ya durƙusa ya gaishe ta. "Inna, an ɗauke shi. Shi ne na ɗaya."

Gajere ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ba ta dube shi ba, ni ta duba.

"Na ɗaya a ɗakin nan naku?"

"A'a, Inna. A duk ƙasar Magariya, har da Dungas."

Ta juya awarwaron. Ta ɗaga kai ta kalli gonar, daga rabin kirki har rabin banza. Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta ƙara faɗa, a hankali. Sannan ta turo akushin gabanmu, ni da Mutari.

Na ce mun ƙoshi. Ta harare ni. Na sa hannu na tsinko kaɗan don kunya, ina lissafin abin da zai rage musu.

"Ƴar birni," in ji ta, "yatsu uku na shuka ne. Nan buɗe hannunki ki ci."